Waya a Hannu, Ƙafa a Kotu: Tambayoyi da Amsoshi kan Shari'ar Batsa da Haramtattun Saƙonni a Intanet

Na daɗe ina zirga-zirga a harabar kotunan Kano, kuma a 'yan shekarun nan irin tambayoyin da ake tare ni da su sun canza. Da can maganar gado ce, ko rikicin fili, ko ɗan haya da ya ƙi tashi. Yanzu kuwa sai dattijuwa ta tsayar da ni a ƙofar gida bayan Magariba, ta rage murya ta ce, "Malam, an tafi da yaron nan a kan abin waya. Yaya za mu yi?" Wasu kuma 'yarsu aka tozarta, suna neman inda za su kai kuka. Na tattara tambayoyin da aka fi maimaitawa, na amsa su da abin da doka ta ce da abin da idona ya gani. Amma wanda magana ta riga ta kai shi gaban hukuma, ya nemi lauya su zauna a kan takardun ƙararsa.

Da gaske akwai dokar da ta hana saka batsa a intanet, ko barazana ce kawai?

Akwai, kuma ba ɗaya ba ce. Babbar ita ce Dokar Laifukan Intanet ta tarayya, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Mayun 2015, ana saura kwanaki ya sauka. Tana aiki ko'ina a Nijeriya, a kan Musulmi da wanda ba Musulmi ba. Sashe na 24 ya ce duk wanda ya aika batsa ta kwamfuta ko ta intanet da gangan, ana iya ɗaure shi har shekara 3, ko a ci shi tarar da ba ta wuce naira miliyan 7 ba, ko a haɗa masa duka biyun. Kada kalmar kwamfuta ta ruɗe ka. Wayar da ke aljihunka kwamfuta ce a wurin wannan doka.

Bayan ita akwai dokokin jihohi. Final Kod, wato kundin dokar hukunta laifuka wadda jihohin Arewa suka gada tun wajen 1960, ta hana aikin baɗala a bainar jama'a da sayarwa ko rarraba kayan batsa. An rubuta ta ne a zamanin littafi da hoton takarda, amma masu gabatar da ƙara suna jan ta har zuwa bidiyon TikTok. Sai dokokin laifuka na Shari'ar Musulunci a jihohi 12, waɗanda Zamfara ce ta fara a cikinsu. Kano ta yi tata a shekarar 2000. A Kanon kuma akwai Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i, wadda aka kafa a 2001, ita ma tana kai mutane kotu. Don haka bidiyo guda yana iya taka doka uku ko huɗu, kuma hukumar da ta kama ka ita ke zaɓen ƙofar da za ta shigar da kai.

An ce an gyara dokar a 2024. Me ya canza?

Sashe na 24 na asali ya yi faɗi da yawa. Ya haɗa da duk saƙon da ya yi muni, da ƙaryar da aka yi don ɓata wa wani rai, ko cin fuska, ko jefa shi cikin damuwa. Da wannan faɗin aka riƙa kama 'yan jarida da masu sukar gwamnoni. A watan Yulin 2020 kotun ECOWAS ta ce sashen ya saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki, ta umurci Nijeriya ta gyara shi. A watan Fabrairun 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a gyaran.

Yanzu farkon sashen abu biyu ya riƙe: batsa, da kuma ƙaryar da mutum ya san ƙarya ce ya yaɗa ta don ya kawo rushewar doka da oda ko barazana ga rai. "Ya ɓata mini rai" ta fita daga ciki. Batsa kuwa tana nan daram, haka ma hukuncinta. Ɓangaren barazana ma yana nan: wanda ya tsoratar da wani ta waya har ya sa shi fargabar kisa ko rauni, hukuncinsa ya kai shekara 10.

To mece ce batsa a wurin doka? Rawa da ƙananan kaya ma batsa ce?

Nan ne gizo ke saƙar. Tsiraici ƙarara da bidiyon saduwa babu gardama a kansu. Amma mafi yawan waɗanda ake gurfanarwa a Kano ba waɗannan suka saka ba. Rawa ce da girgiza jiki, ko rungumar mace a gaban kyamara, ko ashariya, ko zancen ɗaki da aka fito da shi kasuwa. Irin waɗannan ba kasafai ake kai su Babbar Kotun Tarayya ba. Kotun majistare ko ta Shari'ar Musulunci ake kai su, da tuhumar baɗala, ko tada hankalin jama'a, ko ɓata tarbiyya. Kuma babu wani layi a rubuce da ya ce daga nan zuwa nan wasa ne, daga nan baɗala ta fara. Alƙali ne ke aunawa da ma'aunin al'adar garin. Abin da za a kalla a Legas a wuce, a Kano yana iya kwana da mutum a gidan gyaran hali.

Ni uba ne, kuma ba na son abin da yara ke gani a wayoyin nan. Na ga yaro ɗan shekara 9 yana kwaikwayon wata magana da ya ji a TikTok, wadda ni da furfurata ba zan iya furta ta ba. Saboda haka ba na cikin masu cewa a bar kowa ya yi abin da ya ga dama. Tsarin mulkin ƙasa ma, bayan ya ba da 'yancin magana a sashe na 39, ya dawo a sashe na 45 ya yarda a taƙaita shi don kare ɗa'ar jama'a. Amma shi wannan tsarin mulkin a sashe na 36 ya ce ba a hukunta mutum sai da laifin da aka fayyace a rubutacciyar doka, aka kuma rubuta hukuncinsa. In ma'aunin ya zama yana miƙewa yana lanƙwashewa gwargwadon wanda aka kawo, to talaka da mace su za su fi shan wuyarsa, kuma su ɗin nake gani a kan bencin kotu.

Ni fa turawa kawai na yi. Ba ni na ɗauka ba, ba ni ne a ciki ba.

Wannan ita ce maganar da na fi ji, kuma ita ta fi kai mutane ƙasa. Dokar ba ta tambayi wanda ya riƙe kyamara ba. Cewa ta yi wanda ya aika. Ka danna kibiyar nan ka tura zauren abokai, ka aika. Ka ɗora a sitatus, ka aika. Mai shagon tura fina-finai da ke zuba wa yara a katin waya a kan naira ɗari, shi ma yana ciki, har da ƙarin cewa shi sayarwa yake yi.

Wani ɗan ƙanwata ya taɓa zuwa wurina jikinsa na rawa, bayan an fara neman waɗanda suka yaɗa wani bidiyo a unguwarsu. Ya ce, "Kawu, wallahi mutum biyu kawai na tura wa, su ma roƙona suka yi." Na karɓi wayar na duba. Mutum biyun nan, ɗaya ya jefa shi a zaure mai mutum sama da ɗari biyu. Na ce masa, "Kai ka ga biyu, yarinyar nan kuwa duk wanda ta haɗu da shi a hanya sai ta ɗauka ya gani." Ya sunkuyar da kai bai ce komai ba. Magana zarar bunu ce tun ana yin ta da baki, balle yanzu da take da hoto.

Kuma ba batsa kaɗai ba. A watan Mayun 2022, bayan kisan wata ɗaliba a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari a Sakkwato, an kama wata ma'aikaciyar lafiya a jihar Bauci saboda ta tura wani bidiyo a zauren WhatsApp na abokan aikinta. Ba ita ta yi bidiyon ba. Ta shafe sama da shekara ɗaya da rabi a tsare kafin a ba da belinta, sai a ƙarshen 2024 kotu ta wanke ta. An wanke ta, amma watannin nan ba mai biyan ta su.

Kallo kawai fa, ban tura wa kowa ba?

A dokar tarayya, in na manya ne, laifin yana kan aikawa. Haramcinsa a addini kuwa ba sai na faɗa maka ba. In kuma akwai yaro a ciki, to ajiyewar kanta laifi ce, ko da ba ka nuna wa kowa ba.

Me doka ta ce game da hotunan yara?

Nan babu sassauci, kuma bai kamata a samu ba. Sashe na 23 na Dokar Laifukan Intanet ya ɗauki duk wanda bai kai shekara 18 ba a matsayin yaro. Ɗauka, ko tallatawa, ko rarrabawa: ɗaurin shekara 10, ko tara har naira miliyan 20, ko duka. Nemowa ko ajiyewa a waya: har shekara 5, ko tara har naira miliyan 10, ko duka. Yaudarar yaro ta waya don a sadu da shi a lalata shi, ita ma laifi ce mai zaman kanta. Dokar ta haɗa har da hoton da aka haɗa ya yi kama da na gaske, don haka wanda ya ce ai ƙirƙirarriyar basira ce ta zana, ba yaron gaske ba ne, bai tsira ba.

Akwai kuskuren da mutanen kirki ke yi. Sai a sami bidiyon an ci zarafin ƙaramar yarinya, mutane su riƙa yaɗa shi da rubutun "a tura har ya kai ga hukuma". Wallahi wannan ƙarin cuta ce ga yarinyar, kuma mai turawar ya faɗa cikin sashen nan tsundum. Hukuma tana da ofis. Ka rubuta lambar da ta turo maka da lokacin, ka je wurin 'yan sanda ko hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane, ka nuna musu a hannunka. Kada ka tura wa kowa, ko da malaminka ne. Ka kuma sani cewa dokar Amurka ta wajabta wa kamfanoni irin su Meta, mai Facebook da Instagram, da Google su kai rahoton irin waɗannan hotuna ga wata cibiya mai suna NCMEC, ita kuma tana miƙa bayanan ga jami'an ƙasar da abin ya fito.

Ni ne shugaban zauren WhatsApp. Za a kama ni da laifin wani?

Laifi na mai shi ne, kuma sashe na 24 ya nemi a tabbatar mutum ya aikata da saninsa. Amma a aikace, in zaure ya yi ƙaurin suna, shugabansa ake fara nema, kuma in aka ga ana zuba ƙazanta kullum kana kallo, ko kana karɓar kuɗin shiga, tuhumar haɗin baki ba ta da nisa. Ka goge, ka yi gargaɗi a rubuce, ka cire mai maimaitawa.

An yaɗa hotona ko bidiyona na sirri. In na kai ƙara, ba ni za a fara kamawa ba?

Wannan tsoron shi ne garkuwar masu tonon asiri, kuma ba zan ce miki babu dalilinsa ba. Mun ga abin da ya faru a 2007, lokacin da bidiyon sirri na wata jarumar fim ɗin Hausa ya fita daga waya ya bazu ta bulutut a Kano. Gari ya ɗauka, aka dakatar da harkar fim na tsawon watanni, aka tsaurara tacewa, sunanta ya zama abin zagi a bakin yara. Dubban da suka riƙa cewa "turo min" kuwa, kowa ya koma gida ya yi alwala ya shiga sahu. Har yau haka muke yi: wadda aka tona ita ke ɓuya, wanda ya tona yana yawo a majalisa.

A dokar tarayya, wanda ya yaɗa shi ne mai laifi. A addini ma, aya ta 19 a Suratun Nur a kan masu son alfasha ta yaɗu cikin muminai ta yi magana, kuma Musulunci ya tsananta sharuɗɗan tabbatar da zina, ya sa wa mai ƙazafi bulala 80, duk don a rufa wa mutane asiri. Masu cewa "in ɓera da sata, daddawa ma da wari" su tuna cewa kuskuren da aka yi a ɓoye tsakanin bawa da Ubangijinsa ne, tallata shi kuwa zalunci ne da aka yi wa mutum a idon duniya. Sau da yawa ma babu wani kuskure: matar aure ce ta tura wa mijinta, aure ya mutu ya mai da shi makami, ko wayar ce ta je wurin gyara, ko an ɗora fuskarta a jikin da ba nata ba.

Abin da nake faɗa wa iyali shi ne, kada ta tafi ita kaɗai. A fara samun lauya, ko a je wurin ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam, su shiga gaba. Kafin nan a adana hujja: hoton fuskar waya mai nuna lamba ko sunan shafin, da rana da lokaci, da duk saƙon barazanar da ya taɓa turowa. Kada a goge hirar don jin kunya, ita ce igiyar da za a ɗaure shi da ita. A kai rahoto ga kamfanin da abin yake kansa don a sauke. Rundunar 'yan sanda tana da cibiyar yaƙi da laifukan intanet a Abuja, kuma ana iya rubuta ƙorafi ga kwamishinan 'yan sanda na jiha.

Iyaye kuma, don Allah. Na san wani gida a unguwarmu da abin ya faɗa wa 'yarsu mai shekara 19. Ranar da uban ya ji, sai ya rufe ta da duka, ya fasa wayar da taɓarya. Hujjar duka tana cikin wayar nan. Da ya huce ya zo wurina, idonsa jajir, ya ce, "Malam, ina so a ɗaure yaron nan." Na tambaye shi wayar. Ya yi shiru.

Wani yana barazanar zai saki hotona in ban ba shi kuɗi ba.

Kada ka biya. Wanda ya karɓa sau ɗaya zai dawo. Ka daina amsa masa, ka adana saƙonnin, ka faɗa wa wani babba da ka yarda da shi a yau ɗin nan, ka kai ƙara. Barazanar ɓata sunan mutum don tatsar kuɗi tana cikin sashe na 24, hukuncinta ya kai shekara 5, ko tarar da ba ta gaza naira miliyan 15 ba.

Samarin da suka mai da wannan sana'a su ji wannan. A 2022 wani yaro ɗan shekara 17 a jihar Mishigan ta Amurka ya kashe kansa bayan an yaudare shi a Instagram ya tura hotonsa, aka matsa masa da neman kuɗi. An bi sawu har Legas. A watan Agustan 2023 Nijeriya ta miƙa wasu 'yan'uwa biyu, wa da ƙani, ga Amurka, a watan Satumban 2024 kotu ta ɗaure kowannensu shekara 17 da rabi. A watan Yulin 2024 kuma kamfanin Meta ya ce ya rufe shafukan Instagram kusan 63,000 daga Nijeriya saboda wannan aika-aika.

Da sunan bogi nake amfani, kuma na riga na goge.

Kifi na ganinka, mai jar koma. Tun ƙarshen 2020 aka fara ɗaure kowane layin waya da lambar NIN. Sashe na 38 na Dokar Laifukan Intanet ya wajabta wa kamfanonin sadarwa su ajiye bayanan masu layi da na zirga-zirgar sadarwarsu har shekara 2. In ka karɓi kuɗi, asusun banki yana da suna. Gogewa kuwa daga wayarka kawai ka goge. Wanda ya ɗauki hoton fuskar wayarsa yana da nasa, kuma sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya yarda kotu ta karɓi hujjar da ta fito daga na'ura in an cika sharuɗɗanta.

Ɗan sanda ya tsayar da ni a hanya ya ce in buɗe wayata. Dole ne?

Sashe na 37 na tsarin mulki ya kare sirrin saƙonninka da hirarrakinka na waya, kuma Dokar Laifukan Intanet ta tanadi a nemi izinin alƙali kafin a binciki na'ura. Shugabannin 'yan sanda ma sun sha fitowa suna hana jami'ansu binciken wayoyin mutane a kan titi. Amma kada ka yi kokawa da mai bindiga. Ka faɗa cikin ladabi cewa ba ka amince ba, ka riƙe sunansa da wurin, ka kai ƙorafi daga baya.

An kama ɗana. Me za mu fara yi?

Ku san inda yake da hukumar da ta riƙe shi. Tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu cikin kwana biyu. Yana da ikon yin shiru har sai ya ga lauya. Beli a caji ofis kyauta ne a doka. Kuma Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana a kama uwa ko ƙani a madadin wanda ake nema.

Babban abin da nake roƙon iyaye shi ne kada a ce wa yaro, "Ka amsa kawai a yi maka sassauci mu tafi gida." Yawancin shari'o'in 'yan TikTok a zama ɗaya suke ƙarewa: a karanta tuhuma, yaro ya ce haka ne, a yanke hukunci nan take. Babu wanda ya tambaya ko abin da ya yi ya dace da sashen da aka ambata, ko kotun ma tana da hurumi. Laifukan dokar tarayya ta intanet, alal misali, Babbar Kotun Tarayya aka ba hurumin sauraronsu. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a. In an riga an yanke hukunci, ɗaukaka ƙara tana da wa'adi, kada a zauna ana jimami har ya wuce.

Hisba tana da ikon hukunta mutum?

Hisba ba kotu ba ce. An kafa ta da dokar jiha a Kano a 2003, tana wa'azi, tana sulhu, tana kai mutane gaban alƙali, amma ɗauri da bulala da tara na alƙali ne. Na ga gidaje da yawa da sulhunta ya ceta, na kuma ga inda aka kama mutum aka ɗauke shi a bidiyo yana kuka aka watsa kafin ya ga kotu. Wannan na biyun ba na goyon bayansa, domin wanda ake zargi mai gaskiya ne a doka har sai an tabbatar, kuma ba a gyara tonon asiri da wani tonon asirin. Yadda ake kamen ma ya taɓa haɗa manya: a ƙarshen Fabrairun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya soki salon samamen, Sheikh Aminu Ibrahim Daurawa ya ajiye muƙaminsa na shugabancin Hisba, sai da malamai suka shiga tsakani ya dawo bayan 'yan kwanaki.

Kotu tana iya cewa dole sai mun yi aure saboda bidiyo?

A watan Oktoban 2025 wata kotun majistare a Kano ta umurci Hisba ta ɗaura wa wasu 'yan TikTok biyu aure cikin kwana 60. Ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa ta ce kotu ba ta da wannan iko, kuma daga baya aka fasa auren. Aure ba ya cikin jerin hukunce-hukuncen kowace dokar laifi, kuma a Musulunci ma sai da yarda.

Sukar gwamna ko barkwanci da shugabanni fa?

Suka ba laifi ba ce. Ɓata suna kuwa laifi ne a Final Kod, kuma da wannan ƙofar ake shigowa. A watan Nuwamban 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu masu barkwanci bulala 20 kowanne, da tara, da sharar harabar kotu na kwana 30, saboda bidiyon da suka yi a kan Gwamna Abdullahi Ganduje. A watan na Nuwamban dai aka ɗauke wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse zuwa Abuja saboda rubutun da ya yi a Twitter game da uwargidan shugaban ƙasa ta lokacin, aka tsare shi a gidan yarin Suleja, sai da ƙasa ta yi caa aka janye ƙarar.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne saurin. In babba aka taɓa, cikin kwanaki an gano mai shafin ko a wane lungu yake. In 'yar talaka ce aka watsa tsiraicinta, sai a ce ta kawo kuɗin mai, ko ta je ta yi haƙuri. Na'urar da ta gano na farko ita ce za ta gano na biyu.

Ɓatanci ga addini a intanet fa?

Wannan shi ne mafi nauyi a jihohin Shari'a. A watan Agustan 2020 wata babbar kotun Shari'ar Musulunci a Kano ta yanke wa Yahaya Sharif-Aminu hukuncin kisa a kan waƙar da ya tura a WhatsApp. A Janairun 2021 Babbar Kotun Jiha ta soke hukuncin ta ce a sake shari'ar, domin an yi ta ba shi da lauya. Maganar ta haura har Kotun Ƙoli. Mubarak Bala kuwa, a kan rubuce-rubucensa na Facebook, an ɗaure shi shekara 24 a Afrilun 2022 bayan ya amsa tuhumar, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rage zuwa shekara 5 a 2024. A Afrilun 2025 kotun ECOWAS ta ce sassan dokokin Kano na ɓatanci sun saɓa wa yarjejeniyar haƙƙin ɗan Adam ta Afirka, gwamnatin Kano ta ce ba ta yarda ba.

Babu Musulmin da zai ji an taɓa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ransa bai ɓaci ba. Amma wanda ya kwafi kalaman ɓatancin yana yaɗawa don a gani, shi ma ya taya su tafiya. Wanda kuma ya saka hoton mutum da adireshinsa yana kiran a far masa, ya shiga laifin tunzura jama'a, in aka rasa rai kuma hannunsa na ciki.

Ina zaune a Nijar, ko Gana, ko Saudiyya. Wannan ya shafe ni?

Dokar ƙasar da kake ita ce a kanka. Nijar ta yi dokarta ta laifukan intanet a 2019. A 2022 aka cire ɗauri a kan ɓata suna da zagi, a watan Yunin 2024 gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani ta dawo da shi. Gana ta yi tata a 2020, ta kuma ware sashe na musamman kan yaɗa hoton tsiraicin mutum ba da yardarsa ba. Saudiyya, inda 'yan'uwanmu ke da yawa a Makka da Jidda, dokarta ta 2007 ta tanadi ɗauri har shekara 5 da tara har riyal miliyan 3 a kan abin da ya taɓa ɗa'a ko addini.

In an hukunta wanda ya yaɗa, bidiyon zai ɓace?

Kotu tana iya ƙwace wayarsa, kamfanoni suna iya saukewa daga shafukansu. Akwai kuma wani tsari mai suna StopNCII na manya, da Take It Down na waɗanda ba su kai 18 ba. Suna ɗaukar wa hoton wata alama kamar zanen yatsa daga cikin wayarki, hoton bai bar hannunki ba, sai Facebook da Instagram da TikTok su riƙa tare shi duk lokacin da wani ya yi ƙoƙarin ɗorawa. Yana taimakawa ƙwarai, kuma kyauta ne. Abin da ba ya kaiwa gare shi shi ne wanda ya riga ya sauka a wayoyin mutane, yana yawo a WhatsApp daga hannu zuwa hannu. Wannan sai masu wayoyin sun goge da kansu.

Yarinyar unguwarmu da na ambata, daga baya wata ƙawarta ta kawo hotunan hirar da ta taɓa tura mata, lauya ta karɓi maganar, aka kama yaron. Shekara biyu ke nan. An mai da ita wurin gwaggonta a wani gari, ta koma makaranta a can. Ranar Sallah ƙarama ta zo gaishe da iyayenta, da daddare ta iso, kafin gari ya waye ta koma.